Gwaggo Mai Bin Sawun Kekuna

Na Allah muke, gare Shi kuma kowa zai koma. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya wata ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na bakin soro a gidanmu na Yakasai, a shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, shi ya sa muka ɗauka zaman makokinta na 'yan gida ne da maƙwabta, tabarma biyu ko uku sun ishe mu.

Kafin azahar lungunmu ya toshe. Kekunan guragu ne, irin masu taya uku da ake tuƙawa da hannu, sun jeru daga ƙofar gida har bakin titi, wani na bin wani, don lungun ba ya ɗaukar biyu a jere. Masu sanduna sun cika dakali, sun jingine sandunansu a bango. Da aka fito da makara sai aka rasa ta inda za a bi. Baba ya tsaya a ƙofar soro yana dubansu. Limamin unguwa ya matso kusa da shi.

"Alhaji, waɗannan duk danginku ne?"

"Wallahi Malam, mutanen Yaya ne. Ni ma yau na fara ganin wasunsu."

Wani dattijo da ke kan keken gaba ya ji su. Ya ɗaga murya ya ce wa na bayansa su ja da baya. Haka suka yi ta komawa, ɗaya bayan ɗaya, ana jin ƙarar sarƙa, har hanya ta buɗe. Da makara ta wuce suka bi bayanta. An ce min a maƙabarta sai da aka ɗauki wasu a hannu, don ƙasar wurin ba ta biyuwa da keke, kuma babu wanda ya yarda a bar shi a bakin ƙofa.

Cikin gida ma haka. Wata tsohuwa 'yar asalin Barno, matar wani malami, ta riƙe hannuna tana magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"'Yar nan, yanzu wa zai zo ya tambaye ni?"

Na ce, "Ya tambaye ki me, Hajiya?"

Ta taɓa abin ƙara ji da ke maƙale a bayan kunnenta. "Ko yana aiki mana. 'Ya'yana ma ba sa tambaya. Gani suke tunda yana kunnena ai ina ji."

Matan gidanmu suka yi ta kallon juna. Mun zauna da Gwaggo gida ɗaya shekara da shekaru, muna mata kallon tsohuwa mai tara tarkace a soro, ashe rabin birni yana da labarinta fiye da mu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kafin ni ma in manta.

Shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, kafin a haifi Baba. Ƙafarta ta hagu ta shanye gaba ɗaya, ta dama kuma ta rage ƙarfi. Da rarrafe ta girma, gwiwoyinta da tafin hannunta duk kanta. Ta sha ba ni labarin sandunanta na farko. Tana budurwa aka kai ta asibiti aka ba ta su, kakanmu ya yi ta godiya, aka dawo gida ana murna. Sandunan na dogon namiji ne. Kafin sati ya zagayo sun saɓule mata hammata. Ta jefa su bayan tukwane ta koma rarrafenta, aka yi ta cewa ba ta da godiyar Allah.

"Kowa ya ga an ba ni," in ji ta. "Babu wanda ya ɗaga hannuna ya duba."

Wanda ya duba shi ne mijinta, wani baduku mai rumfa a Kasuwar Kurmi. Bayan tariya ya ga sandunan a cikin kayanta. Ya sa ta dafa bango ta miƙe, ya gwada tsayinta, ya kai wa kafinta ya rage su, shi kuma ya naɗe kansu da auduga da jar fata mai laushi. Ranar ta fara tafiya a tsaye, tana matar aure. Sun zauna lafiya. Haihuwa biyu ta yi, duk ba su tsaya ba. Da ya rasu ta dawo gida ta karɓi ɗakin bakin soro, tana ɗinkin hula tana ci da kanta. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, "mai fata" take cewa, kuma duk sandar da za ta fita daga hannunta sai an naɗe kanta yadda ya naɗe nata.

Ba da niyya ta fara wannan aiki ba. Wani maƙwabcinmu mai sayar da goro ya yi doguwar jinya a kan kujerar asibiti mai taya, ya rasu. Iyalinsa ba sa son ganin kujerar, kunya kuma ta hana su sayarwa, sai suka turo ta soronmu, wai ko Gwaggo za ta so. Ita a lokacin tana da kekenta. Ta tuna da wata tsohuwa a bayan layinmu da ta karye a ƙugu, ta aika mata. Daga nan magana ta bazu. Wanda aka yi wa rasuwa ya kawo, wanda ya warke ya kawo, wanda yaronsa ya fi ƙarfin takalmin ƙarfensa ya kawo. Har da tabarau, har da abin ƙara ji da wani alhaji ya sayo a Makka. Soronmu ya zama kamar rumfar 'yan gwangwan. Baba ya yi mita har ya gaji.

"Yaya, in na yi baƙo ina zai zauna?"

"Ya zauna a kujerar mai goro. Ai ta fi tabarmarka laushi."

Haka take kiransu. Kowane abu da sunan mai shi na farko: kujerar mai goro, keken mai gishiri, sandar alaramma, tabaran unguwarzoma. In ka tambaye ta ina keken mai gishiri, za ta jero maka hannun da ya bi kamar mai jero salsalar gida: daga wurin wane ya koma wurin wance, a can aka sake masa birki, daga nan ya tafi wurin wani mai faci a bakin ganuwa, shi ne ya karya masa taya a kwata. Tana da mai walda guda da mai gyaran keke guda da suka saba da faɗanta. Batirin abin kunne kuwa wurin wani mai gyaran agogo take aikawa a nemo. Duk wanda ta ba wani abu sai ta faɗa masa magana ɗaya: "Aro ne, ba kyauta ba. Ni ma ajiya aka ba ni. Ranar da ka gama da shi, akwai mai jira."

Masu bayarwa suna da yawa a garin nan, Allah Ya saka musu. Abin da ya raba Gwaggo da su shi ne abin da ke biyo bayan bayarwa. In ta ajiye allura da hantsi sai ta yafa mayafi, ta hau kekenta, ta kama lungu. Gida gida take bi. Ba ta tambayar masu gida, wanda ta ba wa take tambaya, kuma sai ta kore kowa daga ɗakin. Kana hawa kuwa? Ina ya kai ka? Ina yake maka ciwo? Mata har zane take sa su kwance ta duba ko zama ya fara cin jikinsu. In kuwa aka ce mata "lafiya lau, ana ta amfani da shi," sai ta sunkuya ta duba ƙasa. "Baki yana kara," in ji ta, "taya ba ta yi."

Na taɓa raka ta gidan wani tsohon ladan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ba shi kujerar mai goro don ya koma masallaci, abin da kawai ya roƙa ke nan. 'Ya'yansa manyan 'yan yadi ne a Kurmi. Babban ya tarbe mu da fara'a, ya ce mahaifinsu yana jin daɗin kujera ƙwarai. Gwaggo ta ce a fito da ita. Aka fito da ita daga bayan ƙyaure a naɗe, gizo-gizo ya yi saƙa a tayarta. Ta shiga wurin tsohon, ina biye da ita.

"Malam, yaushe rabonka da masallaci?"

Ya juyar da kai bango. Can ya ce, "Hajiya, dokin ƙofar nan yana da tsawo, ga kwata a waje. Sai mutum biyu sun ɗaga ni. Yara kuma suna da kasuwa. Ba na son in zame musu kaya."

Gwaggo ta fito ta zauna a tsakiyar soronsu, ta miƙe ƙafarta ta dama ta tare hanya. Ta dubi babban ɗan.

"Alhaji, shekara nawa mahaifinka ya yi yana tashin unguwar nan sallah?"

"Tun kafin a haife ni, Hajiya."

"To yau shi wa ke tashinsa? Ba na tashi daga nan sai na ga magini."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Masu shiga da fita suka riƙa tsallake ta suna gaishe ta, tana amsawa tana gaya wa kowa abin da ya zaunar da ita. Kafin la'asar kunya ta kama shi, ya aika aka kira magini, aka sassare dokin ƙofar aka yi gangara, aka shimfiɗa katako a kan kwata. Ranar Juma'ar da ta biyo baya tsohon ya yi sallah a sahu. Ya ƙara rayuwa kamar shekara biyu, kuma da ya rasu ɗan nan da kansa ya turo kujerar har soronmu, ya durƙusa ya gaishe ta. A hanyarmu ta dawowa ran nan ta ce min, "Uwata," don sunan mahaifiyarsu ita da Baba aka sa min, ba ta iya kamawa, "kin gani? Da na tsaya a bayarwa, da na kwana ina cewa na yi lada, shi kuwa yana kallon bango."

Ba zan ce ba ta da laifi ba, don ita ma ba za ta so in ce haka ba. Gwaggo tana da kaifin harshe da taurin kai, kuma ta tsani bara kamar mutuwarta. Gani take duk gurgun da ya miƙa hannu ya zubar mata da mutunci ita ma. Akwai wani magidanci da ta ba keken mai gishiri bisa cewa zai riƙa zuwa wurin gyaran takalmi da yake yi. Wata rana ta same shi a mahaɗar titi, a kan keken, yana bin motoci da hannu a miƙe. Ba ta jira ya koma gida ba. Nan take ta sa aka sauke shi.

Ya ce, "Hajiya, aikin ne babu. Ko a kan keke na roƙa ko a ƙasa, yaran nan dai ci za su yi."

Ta ce, "To ka roƙa a ƙasa. Ba a kan amanar mutane ba."

Aka turo keken gida. Ranar na ga Baba ya ɗaga mata murya, abin da ban taɓa gani ba.

"Yaya, kin fi kowa sanin rarrafe. Ke ce za ki mayar da mutum kansa?"

Ta ce ya fita mata daga ɗaki. Sun daɗe ba sa magana sai gaisuwa. Da damina ta sauka labari ya zo cewa gwiwoyin mutumin sun yi gyambo saboda rarrafe cikin caɓi. Gwaggo ta sa aka wanke keken, aka sake masa soso, ta aika masa. Ya dawo da shi. Ya ce a gaya mata ya gode, ta ba wanda ya fi shi mutunci. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu. Ta yi ta cigiyar sunan ƙauyen ba ta samu ba. Sau ɗaya ta yi min maganar, tana ɗinki ba ta ɗago kai ba.

"Na tambaye shi ina keken ya kai shi. Ban tambaye shi abin da suka ci ba."

Bai zo ta'aziyya ba. Ban sani ba ko ya ji. In yana raye, ina roƙonsa ya yafe mata.

Sai zancen rubutu, wanda shi ne ya fi tsaya min a rai. Ni a ɗakin kati nake aiki a wani ƙaramin asibiti, aikina ke nan in rubuta wanda ya zo, da abin da ya kawo shi, da yadda ya ƙare. Bayan an rantsar da sabuwar gwamnati gari ya cika da ƙungiyoyi da alkawura, kowa yana neman abin da zai nuna. Wata malama daga wata ƙungiyar taimakon naƙasassu ta ji labarin Gwaggo ta bakin mai waldarta, ta zo har gida. Mace ce mai hankali da ladabi, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa. Ta ce suna iya samar da tayoyi da sarƙa da soso, su kama ɗan shago a bakin titi don a sauke wa soronmu kaya, har a riƙa biyan mai gyara. Abin da suke so kawai a rubuta: wa aka ba, me aka ba shi, a ina yake, ya amfane shi ko bai amfane shi ba, ya dawo da shi ko ya lalace. Da hoton kowa in zai yiwu.

Gwaggo ta saurare ta har ta gama. Sannan ta ce, "'Yata, wadda ta kwance min zane ta nuna min gyambonta, ni ta nuna wa. Ba ta nuna wa ofis ba. Akwai gidan da maƙwabta ma ba su san da gurguwa a ciki ba. In ɗauki sunanta in ba ki, ki kai wa wanda ban sani ba, gobe a karanta a rediyo?"

Malamar ta ce, "Gaskiyarki, Hajiya. A bar hoton. Amma masu ba mu kayan suna son su san irin keken da ke jure lungunan cikin birni da irin wanda ke karyewa, don kada su yi ta sayen abin da ba zai yi amfani ba. Ke kin sani, mu ba mu sani ba. Kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ranar da ba kya nan fa?"

"Ranar da ba na nan, Allah Yana nan."

Malamar ta yi godiya, ta tafi. Ta sake dawowa sau ɗaya, amsar ba ta sake ba, suka kai taimakonsu wata unguwa.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce mata, "Gwaggo, Allah Yana nan, amma ai Shi ya ce a rubuta amana. Kayan nan ba naki ba ne, ke kika faɗa da bakinki. In kika tafi da su a ka, wa kika bar wa?"

"Au, kin fara ƙirga min kwana ke nan, Uwata?"

Ta juya min baya. Muka yi kwanaki tana amsa gaisuwata da hanci. Har yau ina ganin kowaccenmu tana da rabin gaskiya. Ita tana tsaron sutura, ni ina tsoron mantuwa, kuma muka ɓata lokaci mai yawa kowa na jan nasa, alhali akwai hanya a tsakiya.

Mai waldarta ne ya nuna mana hanyar. Ya ce a bar sunan mutane, a sa wa kayan lamba da fenti a ƙarƙashin wurin zama, littafin kuma ya zauna a ɗakinta, ba ya zuwa ofishin kowa. Abin da za a fitar waje shi ne labarin keke, ba na mai hawa ba. Gwaggo ta yi ta juya maganar. Wata rana bayan la'asar ta kira ni.

"Ɗauko takardar taki. Amma in na ga ta fita daga ɗakin nan, murhu za ta."

Na ja layuka yadda muke yi a wurin aiki, na zauna. Sai dai Gwaggo ba ta iya gajeriyar amsa ba. In na ce, "Sandar alaramma tana ina?" sai ta fara daga yadda alaramman ya faɗi a bakin rijiya, da wanda ya ɗauke shi, da irin kunun da matarsa ke damawa. In na ce ta taƙaita sai ta ce, "To me za ki rubuta? Sanda ce, ta itace." Har a kira magariba ba mu gama da abu biyu ba. Wani lokaci baƙi su katse mu, wani lokaci ni ce aiki ya riƙe, wani lokaci ta ce kanta na ciwo a bari sai gobe. Babu mai gaggawa a cikinmu. Tana da ƙarfinta, tana hawa kekenta, muryarta tana kaiwa ƙarshen lungu. Abin da muka rubuta bai cika shafi huɗu ba, kuma yawancinsa kayan da ke soro ne, waɗanda ko ba a rubuta ba ido yana ganinsu. Na cikin gari, waɗanda ita kaɗai ta san inda suke, muka ce sai bayan sallah.

Ba ta kai sallar da baki ba. Wata safiya ta faɗi tana alwala. Da aka ɗaga ta harshenta ya karye, hannun dama ya saki. Ta yi makonni a kwance, idonta biyu, hankalinta garau, amma magana ta ƙi fita. Mutanenta suka riƙa zuwa dubiya. In ta ga mutum sai ta kafe shi da ido, ta nuna hammata ko ƙugu da hannun hagu, shi kuwa ya gane, ya ce, "Ba ya ciwo, Hajiya," ko ya ce, "Birkin ne ya ɗan saki." Sai ta lumshe ido. Na gwada kawo littafin ina kiran sunan kaya ko za ta nuna min unguwa da hannu. Ta yi ƙoƙari. Bakinta yana motsi, sauti yana fita, ba ya zama kalma. Da ta ga na kasa ganewa sai hawaye ya gangaro mata ta gefen ido zuwa kunne. Daga ranar na daina, don na ga azabtar da ita nake.

Baba shi ya yi jinyarta fiye da kowa. Shi ke juya ta don kada kwanciya ta ci jikinta, yana yi yana cewa, "Ke kika koya mana, Yaya." A hannunsa ta cika.

Bayan sadakar arba'in kaya suka ci gaba da dawowa, don mutane sun riƙe maganarta ta aro. Baba bai ƙara cewa a kwashe soro ba. Ni da mai walda muna sa wa duk abin da ya dawo lamba, muna tambayar wanda ya kawo duk abin da ya sani. Na bi waɗanda suka zo jana'iza, wanda na samu na rubuta, shi kuma ya nuna min wani. Amma waɗanda suka zo ai masu iya fitowa ne. Na cikin ɗaka, matan da ba a san da su ba, tsofaffin da ita kaɗai ke leƙawa, su ban san ƙofarsu ba. Wataƙila yanzu haka akwai wadda soson kujerarta ya mutu, zama yana cin jikinta, tana jiran sallamar Gwaggo.

Makon jiya wata mata ta yi sallama daga Shahuci. Ba ta ji rasuwar ba, ta yi tafiya ne jinyar mahaifiyarta a wani gari. Tana goye da yarinya wadda ta wuce goyo da nisa, ta isa shiga makarantar firamare, ƙafafunta sirara suna reto har gwiwar uwar. Da na gaya mata, ta zauna a bakin ƙofa ta yi salati ta yi addu'a, ta share hawaye. Sannan ta ce, cikin jin nauyi, Hajiya ta yi mata alkawarin wani ƙaramin keke. Ta ce akwai shi a hannun wani yaro da ya girma ya fi ƙarfinsa, bayan sallah za ta karɓo, ta ba yaron babba, ƙaramin kuma ya zama na wannan, ta fara zuwa makaranta.

Na ce, "Ta gaya miki unguwar yaron?"

"A'a."

"Sunan keken fa? Na mai kaza, ko na wane?"

"Cewa kawai ta yi kore ne, kuma daidai ita."

Na buɗe shafukan nan huɗu, ko da yake na san abin da ke ciki. Na aika wurin mai walda, ya ce ya tuna ya taɓa gyara wani ƙaramin kore shekarun baya, amma Hajiya da kanta ta zo ta ɗauka, bai san inda ta kai ba. Na duba soro, duk na manya ne, hannun yarinyar ba ya ko kaiwa matuƙi. Tana zaune a tabarma tana bin kekunan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Na ce wa uwar ta ba ni lokaci, zan nema. Na rubuta sunanta da kwatancen gidansu a gabanta, na karanta mata. Ta ce, "Ba komai, Malama. Allah Ya ji ƙan Hajiya, ita ce ta fara tambayar 'yar nan me take so." Ta durƙusa, yarinyar ta kama wuyanta, ta ja zane ta ɗaure. Sai da ta dafa bango kafin ta iya miƙewa.

Allah Ya gafarta wa Gwaggo kurakuranta, Ya yalwata mata makwanci, Ya tashe ta a kan ƙafafu biyu masu ƙarfi. Wanda kuma wannan rubutu ya isa gare shi, in ya san gidan da ke da ƙaramin keken guragu kore a cikin birni, wanda yaron ya riga ya fi ƙarfinsa, don Allah ya gaya musu babban yana soronmu an gyara shi. Su kawo ƙaramin. Akwai mai jira.